AMANAR RUWA: DARASI A KAN AIKIN MAI KULA DA RUWAN GARI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da ruwa daga sama, ya taskace shi a cikin ƙasa, ya sanya shi abin sha da abin tsarki ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ma'aikaci ne wanda kowa ke cin moriyarsa, amma kaɗan ne suka san abin da yake yi. Shi ne mutumin da aka danƙa wa kula da ruwan gari, tun daga injin da ke jawo shi, da maganin da ake sa masa, har ya zuwa bakin famfo. Tare da abokin aikinsa mai kula da ruwan ƙazanta bayan mun gama amfani da shi. A garin da aka ja famfo, alwalar liman da wankan jariri da wankan gawa duka da ruwan da ya biyo ta hannun wannan mutum ake yin su. Saboda haka ya kamata mu san mene ne aikinsa, wace amana ce a wuyansa, kuma wane haƙƙi yake da shi a kanmu.

1. TSARKI DABAN, LAFIYA DABAN

Duk wanda ya yi karatun zaure, ya sauke Ahalari da Ishmawi, ya shiga Iziyya da Risala, ya san cewa malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun auna ruwa da siffofi uku: launi da ɗanɗano da wari. A kan haka suka kasa shi kashi uku.

Na farko shi ne ruwa muɗlaƙi, watau wanda ya wanzu a kan asalin halittarsa. Shi ne mai tsarki a kansa, mai tsarkake waninsa. Idan ya jirkita da abin da yake zaune a kansa, kamar yumɓu ko gishirin ƙasa, ko da abin da ya tsiro daga cikinsa, kamar gansakuka, wannan ba ya cutar da hukuncinsa.

Na biyu shi ne wanda ya jirkita da abu mai tsarki wanda bisa al'ada ba a samunsa a cikin ruwa, kamar nono ko mai ko sabulu. Wannan ana yin al'ada da shi, amma ba a yin ibada.

Na uku shi ne wanda najasa ta jirkita ɗaya daga cikin siffofinsa. Ba a ibada da shi, ba a sha, ba a girki, sai dai a shayar da shuka ko dabba.

To, a lura da kyau. Wannan ma'auni yana amsa tambaya guda ce: shin alwalata ta inganta ko kuwa? Rahamar Allah ce da ya rataya ibada a kan abin da ido da harshe da hanci za su iya ganewa, domin makiyayi a daji da malami a birni duka su iya yin salla ba da wahala ba. Amma akwai tambaya ta biyu wadda waɗannan gaɓoɓi ba su isa su amsa ta ba: shin wannan ruwa zai cuci ɗana idan ya sha? Ƙwayoyin cutar amai da gudawa, da na zazzaɓin taifot, suna iya cika tulu alhali ruwan yana nan garai, babu wari, babu wani ɗanɗano.

Abin da ya faru a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ya isa wa'azi. Daga 1985 har zuwa wajejen 2000 mutanen garin suna shan ruwan famfo daga rijiya mai zurfi, ruwa fari tas, wanda kowane almajiri zai ce muɗlaƙi ne, kuma ya faɗi gaskiya. Amma a cikinsa akwai wani sinadari na ƙasa da ake kira fuloraid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya. Na Tsibiri ya ninka wannan fiye da sau uku. Yara dubbai haƙoransu suka rine suka lalace, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka tanƙware, suka tashi da naƙasa. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kan lamarin. Sallolin da mutanen Tsibiri suka yi da wannan ruwa ingantattu ne, babu mai rama ko ɗaya. Amma gwaji guda na ɗakin bincike, da an yi shi a kan lokaci kuma an yi aiki da sakamakonsa, da ya tsare 'ya'yansu.

A nan ne wata ƙa'ida ta shari'a take shigowa, wadda Imamu Malik ya ruwaito asalinta a cikin Muwaɗɗa, watau haramcin cuta da cutarwa. Kuma Allah (S.W.T.) ya umarce mu a cikin suratun Nahli da mu koma ga masu sani a kan abin da ya ɓuya gare mu. Mai sanin lafiyar ruwa kuwa shi ne wanda ya koyi gwada shi, aka kuma ba shi kayan gwajin.

2. DAGA INA RUWAN ADAR YAKE FITOWA?

Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da tudu da kwari, babu kogin da ke gudana a cikinta rani da damina. Ruwan saman da birnin Tawa ke samu matsakaicinsa bai kai milimita 400 a shekara ba, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. In aka nausa arewa maso gabas zuwa Barmu, da Kawo da Abalak, abin raguwa yake ƙara yi. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba.

Hanyoyin samun ruwa a wannan yanki uku ne. Akwai tabkuna, waɗanda mafi yawansu ke ƙafewa bayan kaka, ban da manya irin na Tabalak. Ruwan tabki kuwa mutum da dabba ne ke tarayya a cikinsa, kuma ta hanyar irinsa ne kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma da damina, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Akwai rijiyoyin fadama marasa zurfi, waɗanda ke da sauƙin haƙa da sauƙin gurɓata. Sa'an nan akwai rijiyoyin burtsatse, waɗanda muke kira foraji, da ake huda dutse ɗaruruwan mita kafin a kai ga ruwan da Allah ya taskace a ƙarƙashin ƙasa tun shekaru dubbai. Wannan ruwa na zurfi a hankali ƙwarai yake sabuntuwa, kuma fito da shi yana cin kuɗi mai yawa. Duk mai karanta ayar ƙarshe ta suratul Mulki, inda Allah ya tambayi bayinsa wanda zai kawo musu ruwa idan nasu ya nutse, in dai ɗan Adar ne, ba ya bukatar dogon tafsiri.

Game da masu tafiyar da aikin kuwa, tsakanin 2000 da 2001 aka raba aikin ruwan birane a Nijar gida biyu: kamfanin SPEN na gwamnati ya riƙe mallakar kayan aiki da gina sababbi, kamfanin SEEN kuma ya riƙe rarraba ruwa da karɓar kuɗi. Yarjejeniyar SEEN ta ƙare a ƙarshen 2023, kuma a farkon 2024 kamfanin gwamnati mai suna NDE ya karɓi aikin. Birnin Tawa yana cikin wannan tsari. A karkara kuwa, dokar ruwa ta 2010 da dokokin ƙananan hukumomi sun ɗora alhakin a kan hukumar magajin gari, wadda ke ba wani ɗan kasuwa kwangilar tafiyar da famfunan, ƙungiyar masu amfani da ruwa kuma tana sa ido. A irin wannan ƙaramin tsari, watau foraji ɗaya, da inji mai aiki da man gas ko hasken rana, da shato, da 'yan famfunan unguwa, sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da lafiyar gari duka.

3. AIKINSA NA KULLUM

Aikin ya danganta da irin ruwan. A Yamai, inda tashoshin Gudel da Yantala ke ɗibar ruwa daga kogin Isa, ruwan yana zuwa ne jajawur da laka, musamman da damina. Sai a sa masa alif, wanda wasu ke kira alam, ya tattara lakar ta dunƙule ta kwanta. A bi da shi ta cikin yashi a tace. Sa'an nan a sa masa kulorin, watau sinadarin da ke cikin ruwan jabel, domin ya kashe ƙwayoyin cuta. Iyayenmu mata da ke sa alif ko niƙaƙƙen ƙwayar zogale a randa sun san matakin farko tun da daɗewa. Abin da ya rage musu shi ne na ƙarshe, domin kwantar da laka ba ya kashe cuta.

Ruwan foraji mai zurfi kuwa yawanci yana fitowa ba ƙwayar cuta, amma yana da nasa halin. Wani yana fitowa da ɗumi. Wani yana ɗauke da ƙarfe narkakke: ya fito fari, in ya sha iska ya koma ja, ya ɓata tufa da kwano. Ta fuskar fiƙihu wannan jirkita ce daga mazaunin ruwan, ba ta hana alwala. Ta fuskar lafiya ma illarta kaɗan ce. Haɗarinta shi ne ta kan sa mata su ƙyamaci famfo su koma tabki. Maganinta shi ne a watsa ruwan ya sha iska, a tace shi da yashi.

Ga muhimman abubuwan da ke kan ma'aikacin ruwa:

(a) Auna magani daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin cewa, bayan kulorin ya yi minti 30 a cikin ruwa, ya kamata a sami ragowarsa aƙalla miligiram 0.5 a lita, kuma a bakin famfo na ƙarshe kada ya kasa 0.2. Wannan ragowa ita ce mai gadin ruwan a cikin bututu da cikin bido. Misali, shato mai cin lita 50,000, in ana so kowace lita ta sami miligiram 1, ana bukatar giram 50 na tsantsar kulorin. Garin maganin da ake sayarwa kuwa kashi 65 cikin 100 ne ƙarfinsa, saboda haka sai an auna kimanin giram 77. Amma lissafi kaɗai ba ya isa, domin kowane ruwa yana cinye wani kashi na maganin gwargwadon dauɗar da ke cikinsa, kuma garin yana rage ƙarfi in ya daɗe a cikin zafi.

(b) Gwaji. Yana da ɗan kwalba da ƙwayar gwaji wadda ke rina ruwa ya yi ja-ja gwargwadon kulorin da ke ciki. Zai gwada a gindin shato, ya kuma taka zuwa famfo mafi nisa ya gwada. Lokaci-lokaci kuma a aika da ruwan ɗakin bincike, inda ƙa'ida ita ce kada a sami ƙwayar cutar bayan gida ko guda a cikin mililita 100, a kuma duba fuloraid da sauran sinadarai.

(c) Tsaron bututu. In bututu ya fashe a kusa da kwata ko masai, muddin ruwa na tafe da ƙarfi, waje yake tsiyaya. Amma da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo ƙazantar ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

(d) Wanke shato da rufe shi, domin kada tsuntsu ko jemage ya faɗa ciki. Da kula da inji, da mai, da goge ƙura daga farantan hasken rana. Da kewaye bakin foraji domin kada dabbobi su yi kwance a kansa.

(e) Rubuta komai a littafin aiki: lita nawa aka jawo, magani nawa aka sa, me gwaji ya nuna, a wace sa'a.

4. LITTAFIN DA BA MAI GANI SAI ALLAH

Wannan abu na ƙarshe shi ne inda imanin ma'aikaci ke bayyana. Babu wanda ke tsaye a kansa da asuba lokacin da zai yi gwaji. In ya ga dama sai ya zauna a inuwa ya rubuta 0.5, kwalbar gwajin tana cikin aljihu. Wata ɗaya, wata biyu, shekara, ba abin da ya faru, har zuciya ta saba.

A watan Mayu na 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a ƙasar Kanada, wanda mutanensa ba su wuce 5,000 ba, ruwan sama mai yawa ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin garin. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta. Binciken da hukuma ta yi ya gano cewa masu kula da ruwan sun shekara da shekaru suna rubuta sakamakon gwajin da ba su yi ba, suna sa magani ƙasa da ƙima. Kuma da jami'an lafiya suka tambaye su a farkon annobar, sai suka ɓoye sakamakon ɗakin bincike da ya nuna ruwan ya gurɓata. Ƙasa ce mai arziki da kayan aiki. Amana ce aka rasa.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya sa hannunsa a cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake. Ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kuma ya barrantar da kansa daga mai algus. To, in wannan shi ne hukuncin wanda ya ɓoye danshin hatsi, wanda mai saye zai iya tonawa da hannunsa, ina ga wanda ya ɓoye aibin ruwa, wanda ba mai iya ganowa sai shi? Allah ya yi umarni a suratun Nisa'i da a mayar da amana ga masu ita, kuma masu wannan amana su ne jarirai da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda gudawar kwana biyu ke iya kaiwa kabari.

Saboda haka wajibi ne ga ma'aikacin ruwa: kada ya rubuta abin da bai gwada ba; kada ya sayar da maganin ko man injin da aka ba shi; in magani ya ƙare, ko gwaji ya nuna matsala, ya sanar da shugabansa da magajin gari da jami'in lafiya nan take, a yi shela a masallatai da kasuwa cewa kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha. In mai kwangila ya umarce shi da ya yi shiru domin kada ciniki ya tsaya, to babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci. Tsoron rasa aiki uzuri ne mai rauni a gaban ran mumini. Mun ga abin da cutar amai da gudawa ta yi a 2021, lokacin da fiye da mutum 5,000 suka kamu a Nijar, fiye da 150 suka rasu, kuma jahar Tawa na cikin inda abin ya shafa.

5. MAS'ALA: WARIN MAGANI YANA HANA ALWALA?

Wasu 'yan'uwa, saboda tsantseni, in suka ji warin kulorin a ruwan famfo sai su bar shi su tafi rijiya ko tabki, suna cewa ruwan ya jirkita. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma fahimtar tana bukatar gyara. Kulorin ba najasa ba ne. Abin da ake sawa kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai, kimanin kashi ɗaya cikin miliyan, domin gyaran ruwan aka sa shi, kuma bai raba ruwan da sunansa ba. Malamanmu na Malikiyya sun riga sun yi rangwame a kan abin da ya yi kama da wannan, watau ruwan salka da ya ɗauki warin abin da aka jeme ta da shi, kamar bagaruwa, domin abin gyaran mazubin ne. A kan haka malaman wannan zamani suka tafi cewa ruwan famfo mai magani ana alwala da wanka da shi. Hasali ma, ɗan warin nan shaida ce cewa mai gadi yana bakin aikinsa. In warin ya yi yawa har ya hana sha, to ma'aikaci ya wuce ƙima, sai a gaya masa ya gyara.

6. RUWAN ƘAZANTA DA MASU AIKINSA

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan abin da ke ɓata ruwan sha daga bayan gidanmu yake fitowa. Shari'a ta riga likitoci yin gargaɗi a kan haka: Buhari da Muslim sun ruwaito hanin yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudana, Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar hutawa yana jawo tsinuwa. Masana tsabta suna ba da shawarar a nisanta masai daga rijiya da aƙalla mita 30, kuma gindin ramin ya kasance sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi.

A garuruwanmu babu manyan bututun kwashe ƙazanta. Masai da shadda muke da su. In sun cika, sai masu kwasa da hannu ko da mota. Tambayar ita ce: ina ake zubarwa? Wanda ya juye motar shadda a cikin korama da rani, damina za ta kawo wa mutanen gangare abin da ya zubar.

Hanyar gyara da ta dace da ƙasa mai rana irin tamu ita ce ta tafkunan tacewa a jere. A na farko, mai zurfi, dauɗa mai nauyi ke kwantawa ta ruɓe. A na biyu, gansakuka da wasu ƙananan halittu ke cinye abin da ya saura. A na uku, marar zurfi, hasken rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Bayan 'yan makonni ruwan ya isa ban ruwan itatuwa, lakar kuma in ta bushe sosai ta daɗe, ta zama taki. Mai kula da irin wannan wuri shi ke lura da launin kowane tafki da warinsa, ya cire ciyawa domin kada sauro ya yi gida, ya hana yara da dabbobi shiga, ya hana masu lambu ɗibar ruwan da bai gama tacewa ba.

Shin ruwan ƙazanta yana komawa mai tsarki? A mazhabarmu, in aka ƙara masa ruwa muɗlaƙi har jirkitar ta gushe, ya tsarkaka. In kuwa ta gushe da kanta, akwai zance biyu. Game da tacewar zamani, Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta yanke a 1398 bayan Hijira (1978) cewa in an tace shi sarai har babu sauran alamar najasa a launi da ɗanɗano da wari, ya tsarkaka, ana alwala da shi. Shansa ma ya halatta in babu cutarwa, ko da yake barinsa ya fi in akwai wani. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke irin wannan hukunci na tsarkinsa a 1409 (1989). A lura da sharaɗin: tacewa cikakkiya da rashin cutarwa. Wane ne zai shaida cewa sharaɗin ya cika? Ma'aikacin nan ne. Ashe fatawar malami ma a kan gaskiyarsa ta rataya.

Masu wannan aiki su kiyaye rayukansu. A cikin shadda akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai nauyi, da ke taruwa a ƙasan rami. In ta yi yawa tana kashe jin wari, sa'an nan ta kashe mutum cikin ɗan lokaci. Kada kowa ya shiga rami sai an buɗe shi ya sha iska, da igiya a ƙugunsa da mutane a sama. In wani ya faɗi a ciki, kada a bi shi haka kawai, domin sau da yawa mai ceto shi ne gawa ta biyu. A sa safar hannu da takalmin roba, kada kuma a haɗa kulorin da ruwan batir ko wani abu mai tsami. Game da salla, ya keɓe tufar aiki daban da ta salla, ya wanke inda najasa ta taɓa. In ya yi haka, ya tsaya a sahun farko kamar kowa.

Mu kuma mu ji tsoron Allah game da raina su. Buhari da Muslim sun kawo labarin baƙar mace mai sharar masallaci, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (S.A.W.) ba, kamar an ƙaranta sha'aninta. Da ya ji, sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

7. HAƘƘINSA A KANMU

Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, kamar likitanci da lissafi da noma da saƙa, har da ƙaho. Babu shakka kula da ruwan gari yana cikin wannan babi a yau: in wasu sun tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ga abin da ke kanmu:

Na ɗaya, biyan kuɗin ruwa. Gaskiya ne hadisi ya tabbatar da tarayyar mutane a cikin ruwa da makiyaya da wuta, kuma an yi narko mai tsanani ga mai hana matafiyi rarar ruwa. Amma malamai sun bambanta ruwan da ke mazauninsa da wanda aka wahala aka jawo aka adana, shi ya sa ba wanda ya haramta sana'ar 'yan ga-ruwa. Dalar da kake biya a bakin famfo kuɗin mai ne da magani da gyaran inji da albashin ma'aikaci. Jan bututu a ɓoye, ko taɓa ma'aunin ruwa domin ya rage ƙirga, cin dukiyar jama'a ne. Mai hali kuma ya biya wa maraya da gajiyayye, domin da Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) ya nemi sadakar da zai yi wa mahaifiyarsa, shayar da ruwa aka nuna masa, Sayyidina Usmanu (R.A.) kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi.

Na biyu, masu kwangila da hukumomi su biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci, su ba shi magani da kayan gwaji. Wanda ya hana shi kayan aiki abokin tarayya ne a cikin duk abin da ya biyo baya.

Na uku, tsare ruwan bayan ya bar famfo. A wanke bido da randa, a rufe su kamar yadda sunna ta koyar, a keɓe moɗa mai mariƙi, kada yara su tsoma hannu.

Na huɗu, barin ɓarna. Annabi (S.A.W.) yana alwala da mudu guda na ma'aunin Madina, wanda bai kai lita ɗaya ba. Kwamitocin masallatai su gyara famfunan da ke ɗiga, su kuma yi wa ruwan alwala hanya zuwa gindin itace.

Na biyar, tura 'ya'yanmu su koyi wannan ilimi. Akwai cibiyar koyar da aikin ruwa da tsabta a Yamai, akwai babbar makarantar 2iE a Wagadugu, akwai cibiyar albarkatun ruwa a Kaduna. Yaron da ya haɗa Risala da ilimin gwajin ruwa, shi ne irin wanda Barmu da Tawa da sauran garuruwan Adar ke bukata a gindin shato.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo kashe-kashen ruwa uku da hukuncin kowanne.
2. Me ya sa ruwa zai zama muɗlaƙi amma ya cutar da mai shansa? Kawo misali.
3. Mene ne wajibin ma'aikacin ruwa idan magani ya ƙare masa?
4. Wane sharaɗi malamai suka gindaya kafin ruwan ƙazanta da aka tace ya zama mai tsarki?
5. Wane ne ke kula da ruwan garinku, kuma yaushe aka yi masa gwaji na ƙarshe? A bincika a kawo amsa a zama na gaba.

Muna roƙon Allah ya ba ma'aikatan ruwanmu ikon riƙe amana, ya saka musu da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga annoba, ya shayar da mu daga tafkin Annabinsa (S.A.W.) ranar ƙishirwa mafi girma. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.